Miliyan 1 ko miliyan 2: wanne inshorar kwangilata za ta biya?

Tambaya: Ni ɗan kwangilar gini ne, ayyuka uku ne a hannuna yanzu. Na yi inshorar da ke biyan diyya idan aikina ya jawo wa wani rauni ko ɓarna. A takardar an rubuta dala miliyan 1, a ƙasa kuma miliyan 2. Wanne za a biya in wani abu ya faru? Ga shi ɗaya daga cikin waɗanda suka ba ni aikin yana so in sa sunansa a cikin inshorar. In ƙara adadin ne?

Amsa: Malam, kowane adadi da aikinsa. Miliyan 1 ita ce iyakar abin da kamfanin inshorar zai biya a kan hatsari guda. Katanga ta faɗo kan mutum ɗaya ko mutum biyar, nan za a tsaya. Miliyan 2 kuwa ita ce jimillar abin da za a biya a tsawon wa'adin inshorar, wanda galibi shekara ce. Wannan haɗin na 1 da 2 ya zama ruwan dare a Amurka.

Inda nake so ka tsaya ka duba shi ne jimillar nan, domin ayyukanka uku duk daga tukunya ɗaya suke ci. A ce an biya dubu 900 a aikin farko, dubu 800 a na biyu. Saura dubu 300. Idan aka yi hatsarin dubu 700 a aiki na uku, dubu 400 daga aljihunka za su fito, duk da cewa hatsarin bai ko kai miliyan 1 ba. Saboda haka, kafin ka yi maganar ƙarin kuɗi, tambayi wakilin inshorarka ko za a ƙara sharaɗin da ke ware wa kowane aiki tasa jimillar. Ni da wannan zan fara.

Sa sunan wanda ya ba ka aiki ba ya ƙara ko kwabo a kan iyakar. Ku biyu za ku raba abin da ke akwai. Mutane da yawa ba sa gane haka sai ranar da aka shiga kotu.

Ka kuma tambaya: kuɗin lauya daga cikin iyakar ake cirewa ko daban? A takardar da aka fi amfani da ita a Amurka daban ne, amma akwai kamfanonin da ke cirewa daga ciki, kuma shari'a in ta yi tsawo sai ta cinye rabon wanda aka ji wa ciwo. Ɓarnar da ta bayyana bayan ka miƙa aiki tana da tata jimillar daban. In har kwangilar ta nemi adadi mafi girma, akwai inshorar laima, wadda ke ɗorawa daga inda wannan ta ƙare.

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin fenti. Yarona ya faɗo daga tsani, wannan inshorar za ta biya?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, komai girman iyakar. Wannan ta mutanen waje ce. Raunin ma'aikacinki yana ƙarƙashin inshorar diyyar ma'aikata ne, kuma daban ake sayenta.