Damisa ba ta sa hannu a takardarka ba

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa na ja jan biro a kan layin farko na takardar da ka kawo, inda ka rubuta cewa manufarka ita ce "gano yawan damisar da ke dajin nan gaba ɗaya cikin wata shida". Ka ce ai manufa ce mai kyau, har wa'adi ka sa mata. To, zauna ka ji.

Ka ɗauki alkawari ne da bakin wadda ba ta ma san kana yi ba. Damisa ba ta sa hannu a takardarka ba. In ta ga dama wata shidan su ƙare ba ta gifta gaban kyamararka, mai ɗaukar hoto da kanta in wani abu ya motsa, ko sau ɗaya ba, ka koma makaranta jiki a sanyaye kana ganin ka gaza, alhali ka sha wahalar aikin. Abin da ke hannunka shi ne ƙafarka da lokacinka da littafinka, a kansu ake ɗora manufa. Rubuta haka: zan ɗana kyamara ashirin a wuri goma, biyu-biyu suna kallon juna, su kwana sittin, duk bayan mako biyu in zagaya in canja batir in kwashe hotuna. Wannan ko ta zo ko ba ta zo ba, ranar ƙarshe za ka iya cewa na yi ko ban yi ba.

Ka san me ya sa na ce biyu-biyu? Zanen jikin damisa na gefen dama daban yake da na hagu. Ka ɗauki dama yau, gobe wata kyamara ta ɗauki hagu, sai ka ƙirga dabba ɗaya a matsayin biyu, ka yi ta murna a banza. Gane kowace dabba da zanen jikinta shi ne ginshiƙin aikin, kuma da shi Ullas Karanth ya ƙiyasta yawan damisa mai ratsi a dajin Nagarahole na Indiya, a binciken da ya wallafa a 1995.

Lissafin da ke ƙarƙashinsa tsoho ne, ana kiransa da sunan Lincoln da Petersen. Ɗauki misali. A zagayen farko ka gane dabba 20. A na biyu ka ga 30, shida daga ciki tsofaffin sani ne. Ka ninka 20 da 30, ka raba da 6, ka sami 100. Yanzu a ce biyu kaɗai ka sake gani, amsa ta koma 300. In ɗaya ce, 600. Ka ga yadda dabba guda take jefa lissafin daga nan zuwa can? Shi ya sa in sake-ganin ya yi kaɗan, adadin da za ka kawo mini canki-canka ne sanye da rigar kimiyya. Kuma lissafin yana ɗauka cewa a tsawon aikin ba a haihu ba, ba a mutu ba, babu mai shiga babu mai fita. Ja shi wata shida, wannan zaton ya rushe.

Sai batun girman tambayar. Ɗalibi rani ɗaya da damina ɗaya gare shi, in ya yi sa'a biyu-biyu. Giwa wata 22 take ɗauke da ciki, ka ga tambaya a kan haihuwarta ta fi ƙarfin wa'adin karatunka tun kafin ka ɗaura takalmi. Cynthia Moss ta fara bin giwayen Amboseli a Kenya a 1972, aikin ya ci shekaru da dama yana tafiya. Binciken kyarketai a tsibirin Isle Royale na Amurka tun 1958 ake yinsa. Irin waɗannan ne ke amsa manyan tambayoyi. Kai taka ta zama wadda za ta shiga aljihu: a waɗanne awoyi damisa take bin hanyoyin da ke kusa da mashaya, kuma shin lokacin yana sauyawa idan mutane na wucewa? Wannan kwana sittin za su iya ba ka wani abu a kanta.

Ranar da ba ka ga komai ba, rubuta sifili, da kwanan wata, da awa nawa ka yi. Yawancin ɗalibai a nan suke zubar da rabin aikinsu, don suna jin kunyar shafi marar dabba. Hoto goma a kwana ɗari daban yake da hoto goma a kwana dubu, wanda bai ƙirga kwanakin ba kuwa ba shi da bakin magana. Ni kaina ina sabon shiga na taɓa ɗaure kyamara tana fuskantar gabas, ban sare ciyawar gabanta ba. Da na dawo bayan mako biyu, katin ya cika maƙil da hoton ciyawa tana kaɗawa a hasken hantsi, batir ya mutu tun kwana na uku. Da ba don ina rubuta ranar ɗanawa da ranar mutuwar kowace kyamara ba, da na lissafa kwana goma sha huɗu a inda uku kawai aka yi.

Kada ka ɗauka ina nufin ka rufe ido ga abin da ba ya cikin tsari. Jane Goodall ta isa Gombe ta Tanzaniya, bakin tafkin Tanganyika, a watan Yuli na 1960, ta yi watanni birai suna gudu da sun hango ta. Kafin shekarar ta ƙare ta ga ɗaya yana zura tsinke a suri yana zaro gara yana ci. Ba ta rubuta wannan a manufa ba, fita kullum ce ta kai ta wurin. Ka ware shafuka a bayan littafinka don irin wannan, amma kada su janye ka daga tambayarka.

Takardar izinin shiga daji kuwa, nemi ta tun yanzu, don takan ɗauki lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma ware kwana goma na gwaji da kyamara huɗu kacal, mu ga tsayin da ya dace a ɗaure su da kuma kwana nawa batir ke kaiwa.

Je ka sake rubuta layin nan na farko, ka kawo mini jibi da safe tare da taswirar, ka sa alamar fensir a wurare goman da ka zaɓa.