Rajistar ma'aikatan jinya a Ostireliya: wace takarda ce ke ba mutum damar taɓa majiyyaci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata shida ina aiki, kuma ina da niyyar neman aiki a Ostireliya. Duk inda na karanta sai in ga ana haɗa maganar rajista da ta tantance kwasa-kwasai kamar abu ɗaya ne, ga kuma sunayen hukumomi har uku: Ahpra, NMBA da ANMAC. Wani dillali ya ce min muddin na samu takardar ANMAC, to na gama. Don Allah a warware min wannan ƙulli.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin kyauta da kika yi tambaya kafin ki miƙa kuɗinki, domin abin da dillalin nan ya faɗa miki ba haka yake ba. Takardar ANMAC ba ta ba kowa izinin ko auna zafin jikin majiyyaci a Ostireliya. Abin da ke ba da wannan izini shi ne rajista, kuma NMBA, wato hukumar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasar, ita ce mai bayar da ita.

Bari in raba miki abubuwan biyu. Rajista ta mutum ce. Tantancewa ta kwas ce. Idan wata jami'a ta ce tana koyar da aikin jinya, ANMAC ce za ta binciki manhajarta, ta ga malamanta da ɗakunan gwaji, ta tabbatar ɗalibai suna samun horo a gaban gadon majiyyaci yadda ya kamata. Mai digirin jinya sai ya yi aƙalla awa 800 yana horo a wuraren jinya, mai difloma kuma aƙalla awa 400. In kwas ɗin ya cika sharuɗɗa, sai NMBA ta amince da shi ta sa shi cikin jerin kwasa-kwasan da ake karɓa. Wanda ya kammala irin wannan kwas ne zai nemi rajista da sunansa. Ita kuwa Ahpra ita ce mai ɗawainiyar aikin ofis: ita ke karɓar takardu da kuɗin rajista, ita ke riƙe da kundin sunaye, ita ke tattara bayanai idan an kai ƙarar wani. Tana yi wa hukumomi 15 wannan hidima, waɗanda ke kula da sana'o'in lafiya 16.

To ina ruɗanin ya fito? ANMAC tana da aiki na biyu, wato auna ƙwarewar ma'aikatan jinya masu neman bizar ƙaura ta ƙwararru. Wannan ce takardar da dillalinki yake nufi. Amfaninta a wajen neman biza ne. Asibiti ba zai sa ki a jadawalin aiki da ita ba.

Wannan tsari na ƙasa bai ɗaya bai daɗe sosai ba. Kafin 2010, kowace daga cikin jihohi shida da yankuna biyu na ƙasar tana da nata hukumomin, har jimillarsu ta haura 80. Nas da ke jihar Biktoriya, in ta samu aiki a jihar Kwinsland, sai ta sake neman rajista a can. Abin da ya fi wannan muni shi ne, wanda aka hukunta a wani wuri yana iya sulalewa wani wurin da ba a san labarinsa ba.

Akwai labarin da ya girgiza ƙasar a wancan lokaci, kuma ina son ki san shi domin wata nas ce ta tona shi. A 2003 aka ɗauki wani likitan tiyata mai suna Jayant Patel aiki a asibitin garin Bundaberg da ke Kwinsland. Hukumar likitoci ta jihar Oregon a Amurka ta riga ta taƙaita irin tiyatar da zai iya yi, amma aka yi masa rajista ba tare da an gano hakan ba. Toni Hoffman, shugabar ma'aikatan jinya a sashen kulawa ta musamman, ita ta riƙa ganin halin da majiyyatansa ke dawowa a ciki, ta yi ta kai kuka har maganar ta fito fili a 2005. Shari'ar ta yi tsawo. Babbar kotun ƙasar ta soke hukuncin da aka yanke masa kan laifin kisa ba da gangan ba, amma a 2013 ya amsa laifin zamba wajen samun rajista da aiki. Ba wannan kaɗai ne ya haifi sabon tsarin ba, domin dama akwai rahoton da ya ba da shawarar a haɗe hukumomin saboda ƙarancin ma'aikata. Sai dai ya nuna wa kowa abin da sakaci wajen rajista ke jawowa. Gwamnatocin ƙasar suka sa hannu a yarjejeniya a Maris na 2008, tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2010, Ostireliya ta Yamma ta shigo a watan Oktoba. An fara da hukumomi goma, aka ƙara huɗu a 2012, sannan ma'aikatan motar ɗaukar marasa lafiya suka shigo a ƙarshen 2018.

Yanzu ga abin da ya shafe ki kai tsaye. Tunda ba a Ostireliya kika yi karatu ba, ANMAC ba ta taɓa tantance makarantarku ba, don haka dole a auna karatunki ta wata hanya. Za ki fara da cike wasu tambayoyi na gwajin kai a shafin Ahpra na intanet, daga nan a nuna miki rukunin da kika faɗa. Wanda aka ga karatunsa ya yi daidai da nasu, zai yi ɗan kwas na sanin yadda aiki yake a ƙasar ya wuce neman rajista. Wanda karatunsa ya kusa amma bai kai ba, zai zauna jarrabawa biyu: ta kwamfuta mai suna NCLEX-RN, sai ta aikin hannu da ake kira OSCE, wadda sai an je Ostireliya ake yin ta. Wanda karatunsa ya yi nisa da nasu kuwa, sai ya ƙara karatu tukuna. Masu rajistar Niyu Zilan suna da hanya mai sauƙi saboda yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu.

Jarrabawar aikin hannun nan ita ce ta fi kayar da ƙwararru, ba don ba su iya aiki ba. Za ki shiga ɗaki ki tarar da mutum a kan gado yana kwaikwayon maras lafiya, ga mai ba da maki a gefe, ga mintuna kaɗan. Nas mai shekara goma a aiki takan ɗauki magani ta nufi gado kai tsaye, saboda hannu ya saba. Su kuwa suna jira su ga kin wanke hannu, kin faɗi sunanki, kin tambayi majiyyaci sunansa da ranar haihuwarsa kin gwada da abin da ke ɗaure a wuyan hannunsa, kin tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, kin nemi yardarsa kafin ki taɓa shi. Abin da kika saba yi a zuci, a nan sai kin yi shi a fili. Ki fara yin haka tun yanzu a wurin aikinki, majiyyatanki ma za su amfana.

Bayan karatu akwai sharuɗɗan da ke kan kowa. Za a nemi shaidar iya Turanci, galibi ta jarrabawar IELTS ko OET. Za a binciki tarihinki na aikata laifi a ƙasashen da kika zauna. Hukumar da ta yi miki rajista a ƙasarku ce za ta aika wa Ahpra takardar shaidar cewa ba ki da tabo, kai tsaye, ba ta hannunki ba. Idan kin tuna labarin Bundaberg, kin san dalili. Sai kuma ki nuna kin yi aikin jinya na aƙalla awa 450 cikin shekaru biyar da suka wuce, kuma kina ƙarƙashin inshorar da za ta biya diyya idan an samu kuskure a aiki.

Kuma rajistar ba ta din-din-din ba ce. Ma'aikatan jinya da ungozomomi suna sabunta tasu kowace shekara kafin ranar 31 ga Mayu ta wuce, tare da shaida cewa sun yi aƙalla awa 20 na ƙarin ilimi. Wasu na ganin wannan takura ce. Ni a ganina yana cikin mafi kyawun abin da ke tsarin, domin magunguna da hanyoyin aiki suna canzawa, kuma majiyyaci ba shi da yadda zai gane ko wadda ke tsaye a kansa ta daina karatu tun ranar da ta bar makaranta.

Ki kuma sani cewa waɗannan hukumomi ba ƙungiyar ƙwadago ba ce. Ba an kafa su don kare ki ba ne, don kare majiyyaci aka kafa su, duk da cewa da kuɗin rajistar ma'aikata ake tafiyar da su. Doka ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya kai rahoton abokin aikinsa idan ya ga yana aiki cikin maye, ko ya ci zarafin majiyyaci ta hanyar lalata, ko wata lalura da ke damunsa na jefa mutane cikin haɗari, ko ya kauce wa ƙa'idar aiki sosai. Sunan "nas" shi kansa doka ta killace shi. Wanda ya kira kansa nas alhali ba shi da rajista na iya fuskantar tarar da ta kai dalar Ostireliya 60,000 ko ɗaurin shekara uku. Don haka idan wani ya ce ki zo ki fara aiki a matsayin nas kafin takardunki su fito, ki guje shi.

Gwajin kai na farko ke za ki cike shi da kanki, ba ya bukatar ɗan tsakiya. Ki tattara takardar kammala karatunki da cikakken bayanin darussan da kika yi, wanda ya nuna awannin aji da na asibiti, ki tabbatar sunanki iri ɗaya ne a kan kowace takarda da fasfo ɗinki, domin bambancin harafi ɗaya kan jawo jinkiri. Ranar da aka yi miki rajista, sunanki da lambarki za su bayyana a kundin Ahpra da ke intanet, inda kowane asibiti da kowane majiyyaci zai iya dubawa. Allah Ya ba ki sa'a.