Ku Tambayi Kawu: Keke a Kan Burji, Daga Fadamar Rima Zuwa Tsaunin Mambila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Mabera. Ina yawan kallon bidiyon Turawa suna tuƙa wani irin keke a hanyoyin burji, cikin duwatsu da kurmi, har abin ya shiga raina. Na ɗan tara kuɗi. Shin dole sai irin keken nasu? Kuma ina zan samu irin wannan hanya, tunda mu nan Sakkwato ba mu da tsauni ba mu da kurmi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka yi tambaya kafin ka kai kuɗinka kasuwa.

Keken da ka gani, kansa a lanƙwashe yake irin na 'yan tsere, amma tayarsa ta fi tasu kauri, faɗinta kamar milimita 38 zuwa 45, birkinsa kuma na faifai ne. Can Amurka akwai tseren da ake yi da shi a jihar Kansas tun 2006, mil 200 a kan tsakuwa, a 2022 kuma aka fara gasarsa ta duniya a Italiya. Yana da kyau, yana kuma da tsada. Kada ka jira shi. Nemi keken hawan dutse na gwanjo mai lafiyayyen jiki, ka ɗaga shi ka juya tayoyin ka ga ko gargaren yana rawa, ka leƙa wuraren walda ko akwai tsagewa. Abin da ya rage na kuɗin ka zuba shi a taya, birki da hular kwano. Iyayenmu da Rali marar giya suka riƙa kai albasa kasuwa a kan irin waɗannan hanyoyi.

Batun hanya kuwa, wurin koyonka yana nan kusa da gida. Ni na fi shekara 20 ina fita bayan sallar asuba, in bi hanyar jami'a, in tsallake gadar Kwalkwalawa, in sauka daga kwalta in bi sawun amalanke a gefen fadamar Rima. Wata rana kuma in nufi wajen Wamakko, ko Dange inda ake da tuddan marmara masu shimfiɗaɗɗen kai. Ba su da tsawo, amma idan ka hau ɗaya sau biyar a jere, cinyarka za ta ba ka labari. A nan za ka koyi yashi: ka koma giya mai sauƙin takawa tun kafin ka shiga, ka mai da nauyinka baya, ka sassauta hannu, kada ka daina taka feda. Wanda ya ƙanƙame kan keke cikin rairayi, shi ke kifewa.

A nan kuma za ka san ƙaya. Tsidau ne babban abokin gabarmu, sai ƙayar aduwa da ta bagaruwa da makiyaya ke sassarowa su bari a hanya. Je wurin mai faci ka zauna ka kalli hannunsa. Za ka ga ya hura tub ya nutsa shi a kwanon ruwa, yana juyawa sannu a hankali har ƙananan kumfa su taso a jere. Bayan ya kankare wurin ya shafa gam, ba ya liƙa facin nan take, sai gam ɗin ya sha iska. Kafin ya mayar da tub, sai ya zura yatsa cikin tayar ya zagaye ta kaf, domin kan ƙayar yana nan a maƙale, wanda ido ba ya gani. Wanda ya tsallake wannan, ba ya kai kilomita ɗaya sai ya sake sauka. Idan aljihu ya yarda, akwai tayar da ba ta da tub, ana zuba mata wani ruwa mai kama da madara da ke toshe ƙananan huji da kansa, sai dai zafinmu yana saurin busar da shi, dole a riƙa ƙarawa.

To, tsauni da kurmi. Wurin da ya fi zama mini a rai shi ne Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Tafiya ce mai nisa. Za ka ɗora keken a mota zuwa Jalingo, daga nan Bali, Serti, har Mayo Selbe inda hawan yake farawa. Hanyar tana murɗewa a jikin dutse har ta kai ka Maisamari, sannan Nguroje, sannan Gembu. Sakkwato ba ta wuce mita 300 a kan teku ba, can sama kuwa ana maganar mita 1,500 zuwa sama. Kowace mita 1,000 ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, saboda haka ka tafi da rigar sanyi ko da a nan gumi kake yi.

Babbar hanyar kwalta ce, amma da ka ratse ta sai jar ƙasa. Akwai hanyoyin da ke bi ta gonakin shayi na Kakara, akwai masu ratsa itatuwan turare, akwai na rugagen Fulani a kan tuddai masu ciyawa, tudu bayan tudu har iyakar ganinka. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki, wanda ke kwance a jikin gangara, da manyan birai a ciki. Gandun da ake karewa ne, don haka keke yana tsayawa a baki, a nemi izini, a shiga da ƙafa tare da ma'aikatan wurin. Ranar da na fara tsayawa a bakinsa da sassafe, hazo na tasowa daga ƙasan itatuwa, ruwa na ɗiga daga ganye alhali ba a yi ruwan sama ba, na daɗe ina tasbihi. Mutumin da ya tashi cikin ƙurar hunturu bai san ƙasarsa tana da irin wannan wuri ba. Ka je tsakanin Disamba da Fabrairu. Da damina jar ƙasar nan santsi take kamar sabulu, tana kuma cushe tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi motsi.

Abin da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne gangara. Hawa wahala ce kawai: ka tabbatar babban faifan haƙoran da sarƙa ke hawa a tayar baya ya kai na wurin feda girma ko ya fi shi, idan ka gaji ka sauka ka tura, babu abin kunya. Gangara ita ke kai mutum asibiti, musamman mu 'yan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ba mu saba da ita ba. Ni kaina na sha ƙasa a wata kwana bayan Nguroje. Na shigo da gudu, na ga shanu sun tare hanya, na damƙe birkin gaba a kan tsakuwa, tayar ta zame. Hular kwanona ta tsage gida biyu, kafaɗata ta yi wata guda tana ciwo. Tun daga ranar nake rage gudu kafin kwana, da birki biyu tare, in saki idan na shiga cikinta. A doguwar gangara kada ka riƙe birki ba saki, domin yana ɗaukar zafi ya daina ci. Matsa, saki, matsa, saki, ka kuma tsaya ya huce. Rage wa taya iska kaɗan, ta fi kama ƙasa.

TAMBAYA: Kawu, ɗana da abokansa suna shirin yawon keke cikin daji. Hankalina bai kwanta ba. In hana shi?

AMSA: Hajiya, hankalinki ya yi daidai. Tambaye shi sunan dajin. Idan ya ce Gundumi, ko wani daji ta wajen Isa, Sabon Birni, Rabah ko Goronyo, ki hana shi, ki ce Kawu ma ya hana. Duk mun san halin da gabashin jihar nan yake ciki, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Ni da kaina na daina zuwa wuraren da na yi shekaru ina bi, raina kuma yana sosuwa duk lokacin da na tuna su.

Idan kusa da gari ne, ki sa masa sharaɗi. Su fita su uku ko fiye, su faɗa miki hanyar da za su bi da lokacin dawowa, su dawo kafin rana ta take. Duk ƙauyen da suka shiga su fara gaida mai gari ko dattawan da ke zaune bakin masallaci, su tambayi lafiyar hanyar gaba. Taswirar waya tana nuna hanya, amma direban tasha da ɗan kabu-kabu su suka san abin da ya faru a kanta jiya. Ko a Mambila ko a Filato haka nake yi. An taɓa ce mini, "Malam, yau kada ka bi nan." Ban nemi dalili ba, na juya.

TAMBAYA: Ruwa nawa ya kamata in ɗauka?

AMSA: Ƙanena, ka lissafa gora ɗaya ta rabin lita ko fiye ga kowace awa, ka ƙara ɗaya saboda tsautsayi. Jefa ƙullin gishiri da sukari na ORS a aljihu, da dabino ko ƙuli-ƙuli. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ƙarfe tara ta same ka a gida.