Amsa ga ɗana kan gashi da hannun da ya langaɓe

Wa'alaikumus salam, ɗana. Na ga saƙonka. Ka ce ƙaninka ya faɗi a babur ya karye a dantse, an yi ɗori ƙashi ya haɗe, amma har yau tsintsiyar hannun a langaɓe take, ba ya iya ɗaga ta. Su Hajiya sun ce a ci gaba da gashi a yi haƙuri, wasu kuma suna cewa a kira wanzami ya yi tsaga. Kana so ka ji ko al'adar nan tana da tushe.

Haƙurin dai yana da tushe. Akwai wata jijiya da ta zagaye ƙashin dantse, na tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ta baya, ita ke ɗaga tsintsiyar hannu, kuma karaya a wurin takan murje ta. To uwar wannan jijiya ba a hannu take ba. Ƙwayoyin halittarta suna can cikin laka daidai wuya, abin da ya gangaro hannu siraran zaruruwa ne kawai. Yawancin furotin da zaren ke rayuwa da shi a can ake ƙera shi, sannan a yo dakonsa, kamar yadda 'yan dakon Kasuwar Singa ke fito da kaya daga sito. Wani furotin mai suna kainesin, wanda aka gano a 1985, shi ke gangarowa da kaya. Wani kuma, dainin, ya koma da tsofaffin kaya, kuma shi ke kai labari idan an ji rauni. Sai labarin ya isa sannan uwar ta karkata ga ƙera kayan gyara.

Guntun da ya rabu da uwarsa kuwa rugujewa yake yi cikin 'yan kwanaki. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Augustus Waller, ya nuna haka a jikin kwaɗo tun 1850. Kwanson ne ke saura, sabon zare ya bi ta cikinsa.

Ga inda jinkirin yake. Wasu kayan sukan yi tafiyar milimita 400 a rana, amma waɗanda ake gina jikin zaren da su 'yan milimitoci kaɗan suke ci. Shi kansa sabon zaren kusan milimita 1 yake tsirowa a rana, wajen inci guda a wata ke nan. In tsakanin raunin da tsokar da ke jiransa santimita 12 ne, ka ga an tasam ma wata huɗu kafin a ga motsi. Iyayenmu ba su auna ba, amma sun ga hannaye da yawa sun dawo bayan an fitar da rai, shi ya sa ba sa gaggawa.

Inda na saɓa da su shi ne ruwan zafi. Ruwan zafi a kan fata ba ya hanzarta warkewar jijiyar, tsaga kuma sabon ciwo ce kawai a kan fata. Taɓa bayan hannunsa tsakanin babban yatsa da manuniya, mai yiwuwa ba ya ji sosai. Lokacin da nake aikin jinya na sha ganin fata ta yi bororo, tsumman gashi ya dafa ta, mai hannun yana ta hirarsa bai sani ba. Abin da ke da amfani a gashi shi ne murzawa da lanƙwasa yatsu kullum don kada gaɓoɓi su sandare.

Haƙurin kuma da wa'adi. Tsokar da ta rasa jijiya ramewa take yi, in ta kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da wuya ta farfaɗo ko da zaren ya iso. Wani lokaci ma jijiyar tsinkewa ta yi gaba ɗaya, ko ta maƙale a karayar, wannan sai tiyata. Saboda haka ka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala tun yanzu, su ba shi abin tallafe tsintsiyar hannun. Za ka ga likita yana ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da yatsa. Inda yaron ya ji yarr, nan sabon zaren ya kawo, kuma ana so wurin ya riƙa matsowa ƙasa wata bayan wata. In an yi wata uku zuwa huɗu shiru, su za su ce ga abin yi.

Kada ka yi musu da Hajiya a gaban mutane. Same ta a ɗaki, ka ce Baffa ya ce ita za ta ci gaba da murzawa da man kaɗanya, amma ruwan ya zama mai ɗumi, ta fara gwada shi a gwiwar hannunta. Zancen wanzami ka bar min, zan shigo bayan Juma'a in Allah ya so. Allah ya ba shi lafiya.