Jan hannun Ulster da kalmar lámh

Tambaya: Malam, ina karatu a Belfast. Ina yawan ganin hoton jan hannu a tutoci da rigunan wasa, wani lokaci da rubutun Lámh Dhearg. Me yake nufi, kuma yaya ake furta shi?

Amsa: Allah ya ba da sa'ar karatu. Lámh hannu ne a harshen Ailan, wanda masu shi ke kira Gaeilge, dearg kuma ja. Jan hannu tsohon tambari ne na lardin Ulster, a arewacin Ailan inda Belfast take, da gidan sarautar O'Neill.

Furucin ne ke ba baƙo wahala. Haruffan mh sauti ɗaya ne, kuma babu m a cikinsa. Mutanen arewacin Ailan za ka ji suna cewa kusan "laaw", na kudu, wato Munster, su ce "laav". Dearg kuwa ta koma dhearg, ana furta ta kamar "yarag", saboda lámh kalmar mace ce, sifar da ta biyo ta sai farkonta ya yi laushi. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda mu ma jinsin kalma na taɓa sifa: farin gida, farar riga.

Abin da ya fi burge ni shi ne faɗin ma'anarta. Lámh kan ɗauki hannu tun daga kafaɗa har yatsu, kamar yadda hannu yake a Hausa, inda Turanci ya raba shi kalma biyu. In ana son tafin hannu sai a ce bos, dunƙulen hannu kuma dorn. A tsoffin labaransu akwai sarki Nuada da aka sare wa hannu a yaƙi, sarauta ta kuɓuce masa don mai nakasa ba ya mulki. Likita Dian Cécht ya ƙera masa na azurfa, aka riƙa kiran sarkin Airgetlám, wato hannun azurfa. Masu fassara zuwa Turanci har yau wasu hand suke rubutawa, wato daga wuyan hannu zuwa yatsu, wasu arm, wato hannu sukutum.

Asalin lámh ɗaya da palma ta Latin, wato tafin hannu. Harsunan Keltik, dangin da Gaeilge ke ciki, sun zubar da tsohuwar p ta farkon kalma, shi ya sa pater, wato uba, ya yi daidai da athair a wurinsu.

Sai dai ka lura da inda kake ganin tambarin. A Arewacin Ailan ɓangarori biyu ne, masu son haɗewar Ailan da masu son zama da Birtaniya, kuma duk suna amfani da shi: 'yan wasan Gaelic (wasannin gargajiyar Ailan) na gundumar Tyrone suna sa shi a ƙirji, masu goyon bayan zama da Birtaniya kuma suna zana shi a bangon unguwanninsu. Rubutun Gaeilge a ƙarƙashinsa galibi yana nuna ɓangaren farko ne.