Gyaran gida a ƙarshen hunturu

Ka ce, "Maigida, me ya kai mu kan rufin mutane a watan Fabrairu, alhali ruwa sai nan da wata uku?" To ɗana, zauna ka ji.

Hunturu ya riga ya yi wa gida abin da zai yi. Busasshiyar iska ta tsotse danshin katako da na ƙasa, abin da zai tsage ya tsage, ƙusar da za ta saki ta saki. Yanzu ne gini ba ya ɓoye ciwonsa. Da an yi yayyafin farko ƙasa za ta kumbura, tsaga ta haɗe baki, ka duba ka ce lafiya lau, nan kuwa ruwa ya san hanyarsa. Ga kuma rana. In Afrilu ya shigo, zafin Kano kan haura digiri 40, kwano ba ya takuwa ko da hantsi, yaɓe kuma ya bushe tun bai kama ba.

Daga sama ake farawa, a bi hanyar ruwa har ya fita daga gida. In soro ne, indararo za ka fara dubawa. Ƙurar wata uku da leda da ganye sun taru a bakinsa, ka kwashe, sannan ka sa hannu ka girgiza shi. In ya motsa, ruwa zai bi ta gefensa ya sauka cikin bango, kuma da yawa cikin sorayen da ke faɗuwa a watan Agusta daga nan ciwonsu ya faro. Ka taka rufin ba takalmi, a hankali. Inda ƙafa ta ji kwari, nan ruwa zai kwanta, sai a cike a daɓe. Ka shiga ɗaki ka ƙwanƙwasa azara, musamman inda ta shige bango. Azarar giginya tana da taurin kai, gara ba ta cika samun ta ba, amma in kanta ya daɗe cikin danshi sai ta ruɓe.

Tsaga ba a shafe ta. Ka buɗe ta da bakin cebur ko guntun ƙarfe, ka share ƙura, ka jiƙa, sannan ka cusa ƙasar da ta kwana da ciyawa a ciki. Bangon gabas ka ninka masa kulawa, don hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ke shan dukan ruwa. Iyayen gidanmu makuba suke sa masa, ta ɓawon ɗorawa, ko laso na katsin marina. Yanzu kowa siminti yake so a kan ginin ƙasa. Ni ban yarda da shi ba. Ƙasa tana motsi, siminti ba ya motsi, sai ya ɓamɓare ta ciki, ruwa ya shiga bayansa ya rasa mafita. Ka ƙwanƙwasa irin wannan bangon za ka ji yana amsawa kamar ganga.

Gidan kwano kuwa iska ce abokiyar gabarsa, wadda ke zuwa gaban ruwan farko wajen watan Mayu. Daga baki take ɗaga rufi. Ka bi layin ƙusa, wadda ta ɗago a cire ta a sa sabuwa, kada a mayar da ita tsohon raminta. Ka tabbatar langalangar da ta ɗaure katako da bango ba ta yi tsatsa ta tsinke ba. Tabon da ka gani a silin, ɗigarsa ba lallai tana saitinsa ba, ruwa kan bi katako ya yi tafiya kafin ya sauka.

Sai ƙasa. A yashe kwata, a zuba bokitin ruwa a tsakar gida a ga inda ya nufa. In gindin katanga ya zaizaye a tayar masa da ƙafa.

Masu gida fenti suke fara tambaya, saboda shi baƙo ke gani. Ka ba su haƙuri, sai komai ya bushe. Inda muka sa siminti a ginin bulo kuma, ban ruwa safe da yamma har kwana 7, wannan aikinka ne, kuma zan zo in duba.