Amsa: Da gaske ɗalibai ne ke duba marasa lafiya a asibitin koyarwa?

Malama, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an tura ku Asibitin Malam, wato Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Kano, kina tsoron kada a miƙa shi ga ɗalibai su koyi aiki a kansa. Ki kwantar da hankalinki.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, shi ke horar da ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero, don haka lallai za ki gan su. Da safe idan babban likita ya shigo zagaye, sai ki ga ayari a bayansa, kowa da farar riga da ɗan littafi. Ɗalibi zai tambayi Baba yaushe ciwon ya fara, ya auna jini, ya karanto abin da ya rubuta a gaban malaminsa. Amma magani ko tiyata, babban likitan ne da likitocin da ke ƙarƙashinsa ke yanke hukunci. Ni a ganina yawan idon ma riba ne, abin da ɗaya ya tsallake wani zai kama.

Ƙwararrun ƙoda, zuciya da ƙwaƙwalwa duk suna wuri guda. Tun 2002 ake dashen ƙoda a nan, har daga Jigawa da Katsina ake zuwa. Shi ya sa layi ke da tsawo.

Ki yi sammako, ki riƙe takardar da asibitinku ya rubuto, da duk sakamakon gwaji da kwalayen magungunan da yake sha.